Ɗamarar ƙirji da karen ajiliti: siffa ko dacewa da jiki?

Duk wanda ya fara koya wa karensa wasan ajiliti, wasan nan da kare ke tsallake shinge, ya kutsa bututu, ya hau gada, ya yi saƙa tsakanin sanduna a guje, ba ya daɗewa kafin a tambaye shi wace irin ɗamarar ƙirji ya saya. A nan Ingila inda nake zaune, gardamar ɗamara a bakin fili takan fi gardamar horon kansa zafi. Wannan ya rantse da mai siffar Y, wancan ya ce tasa mai ɗauri a gicciye ta fi saurin sawa, wata kuma ta ce duk ɓata kuɗi ne, maɗaurin wuya ya isa. Ni dai ra'ayina shi ne an ba siffar ɗamara girman da ba ta kai ba, an kuma manta da abu biyu da suka fi ta muhimmanci: lokacin da ya kamata kare ya sa ta, da yadda take zama a jikinsa idan yana motsi.

Mu fara da lokacin. Kare ba ya gudun gasa da ɗamara, kuma wannan ba son rai ba ne, doka ce. A Ingila, inda wasan ya samo asali (an fara nuna shi a bikin karnuka na Crufts a Landan a 1978, ƙungiyar Kennel Club ta amince da shi a 1980), abin da aka yarda kare ya shiga fili da shi shi ne maɗaurin wuya mai laushi wanda ya kama wuya daidai, ba abin da ke reto a jikinsa. Ƙungiyar masu karnuka ta Amurka, AKC, wadda ta fara nata gasannin a 1994, ita ma maɗaurin wuya kawai ta yarda da shi, shi ma ba tare da ƙarfen suna mai lilo ba. Ƙungiyar masu karnuka ta ƙasa da ƙasa, FCI, wadda yawancin ƙasashen Turai ke bin tsarinta, ta fi su tsauri: kare zai yi gudu ba komai a jikinsa, ko maɗaurin wuyan ma sai an cire. Sun saɓa a kan wuya, amma a kan ɗamara bakinsu ɗaya.

Idan ka tsaya ka kalli kayan filin, za ka ga dalili da idonka. Faɗin bakin bututu santimita 60 ne. Sandunan saƙa galibi goma sha biyu ne, tazarar kowane biyu santimita 60, kuma kare mai sauri ba ya zagaye su, goga kafaɗarsa yake yi da su yana wucewa. Ga taya da zai ratsa ta tsakiyarta a sama. Ɗamara tana da zobe, tana da maɓalli, wata tana da mariƙi a gadon baya, kowannensu abin maƙalewa ne. Karen da mariƙin ɗamararsa ya kama bakin sanda yana tsakiyar gudu, ba tsayawa zai yi ba, fizge shi za a yi. Masu wannan wasa ba sa wasa da batun maƙalewa. A 2016 ƙungiyoyin Ingila da Amurka suka cire bututun nan mai jelar ƙyalle daga gasa baki ɗaya, saboda karnuka na naɗewa a cikinsa. To idan an kori kayan wasa guda saboda wannan, ban ga hujjar mai horo da zai bar kare ya yi saƙa da ɗamara don wai “ai atisaye ne kawai” ba. Sandar atisaye da ta gasa duk ɗaya ce.

Wani zai ce, to mene ne amfanin sayen ta? Amfaninta na nan, kuma ba kaɗan ba ne. Gudu ɗaya a fili bai cika kai minti guda ba. Sauran wunin kare yana tafiya daga mota zuwa fili, yana ɗumama jiki, yana jiran layi, yana kallon wasu karnuka suna gudu alhali jininsa na tafasa. A wannan jiran ne karen da ya natsu a gida yake zama wani abu daban, ya riƙa fizgar igiya da dukan ƙarfinsa. Nan ne nake ganin ɗamara ta yi wa maɗaurin wuya fintinkau. Wuyan kare wuri ne da maƙogwaro da jijiyoyin jini da ƙashin wuya suka haɗu a ɗan ƙaramin fili. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2006 ya auna matsin cikin idon karnuka lokacin da suke jan igiya, ya gano matsin yana hawa idan igiyar a wuya take, amma bai hau ba idan a ɗamara take. Ga kare mai matsalar ido, ko mai gajeren hanci da dama numfashi ke ba shi wuya, wannan kaɗai ya isa dalili.

Akwai kuma wani atisaye da kusan kowane mai horo ke yi: mutum ɗaya ya riƙe kare, mai shi ya ruga gaba yana kiransa, sai karen ya cika ya batse sannan a sake shi ya fita kamar kibiya. Da haka ake gina saurin tashi. Yin wannan da maɗaurin wuya shaƙe kare ne a daidai lokacin da kake so ya ji daɗin ja. Da ɗamara kuwa nauyin yana sauka a ƙirji. Haka ma ɗan kwikwiyo da ke koyon bin hannu da juyi a ƙasa, ba tsalle ba hawa, doguwar igiya a ɗamara ta fi masa. Kuma wannan matakin ba gajere ba ne, tunda a Ingila kare ba ya shiga gasa sai ya cika wata 18, a AKC kuma wata 15.

Yanzu ga inda gardamar take. Kare ba shi da cikakken ƙashin nan da ke haɗa kafaɗa da ƙirji kamar na mutum. Allon kafaɗarsa tsoka ce ke riƙe da shi a jikin haƙarƙari, yana zamewa gaba da baya duk taku. Ƙafafun gaba su ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyinsa ko a tsaye yake, kuma a kansu yake dira bayan kowane tsalle, da su yake taka birki idan yana saukowa daga katakon nan mai siffar A da tsayinsa ya kai mita 1.7. Wani bincike da ya fito a 2013, wanda ya tattara bayanan karnukan ajiliti 3,801 daga masu su, ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku sun taɓa jin rauni, kuma kafaɗa da baya su ne kan gaba a wuraren da raunin ke faɗawa. Saboda haka duk abin da zai taɓa kafaɗar karen wasa ba ƙaramin abu ba ne.

Daga nan aka gina hukuncin da za ka ji a kowane fili. Ɗamara mai ɗauri ɗaya da ya gicciye ƙirji daga kafaɗa zuwa kafaɗa, wadda wasu ke kira ƙirar ƙasar Nowe, wai tana tare ƙafa idan kare zai miƙa ta gaba. Mai siffar Y kuwa, wadda ɗauri biyu ke saukowa ta gefen wuya su haɗu a ƙashin ƙirji sannan ɗaya ya ratsa tsakanin ƙafafu, wai ita ta bar kafaɗa a sake. A ido maganar tana da ma'ana. Sai dai da aka zo aunawa, abin bai fito haka sak ba. A binciken da mujallar Veterinary Record ta wallafa a 2019, an sa karnuka tara a kan injin tafiya, aka auna miƙewar kafaɗarsu ba ɗamara, sannan da kowace iri. Dukansu biyu sun rage miƙewar kafaɗa, kuma mai siffar Y ɗin da ake yabo ta ma fi ragewa. Karnuka tara ba su isa a rushe komai a kansu ba, ɗamarar da aka gwada ma ba ita ce duk wata mai siffar Y a duniya ba. Amma sun isa su nuna cewa kalmar “ba ta takura wa kafaɗa” da ake bugawa a jikin kwali talla ce. Babu ɗamarar da ba ta taɓa tafiyar kare.

Duk da haka, idan aka ce in zaɓa, mai siffar Y zan ɗauka, amma ba don dalilin da ake faɗa ba. Dalilina shi ne inda nauyi ke sauka idan kare ya ja. A mai siffar Y da ta zauna daidai, mahaɗar tana kan ƙashin ƙirji, ƙashi ne ke karɓar ja. A mai gicciye, ɗaurin yakan faɗa kan gaɓar kafaɗa idan ya yi ƙasa, ko ya hau maƙogwaro idan ya yi sama, kuma kare mai siririn kai da zurfin ƙirji yana iya ja da baya ya zame daga cikinta. Abin da ta fi da shi shi ne saurin sawa da cirewa, wanda ba abin rainawa ba ne idan an kira sunanka kana da daƙiƙoƙi kaɗan ka tuɓe kare a bakin layi. Wasu masu siffar Y sai an ɗaga ƙafar kare an zura, wasu sai an cusa kai ta ƙaramar ƙofa, kuma karnuka da yawa sun tsani a rufe musu fuska. Idan karenka na noƙe kai duk sanda ya ga ɗamara, nemi mai maɓalli a wuya, wadda ake ɗaurawa ba sai an zura ba.

Dacewa da jiki kuwa ba a gane ta a kan teburin mai sayarwa ko a jadawalin awo. Ka shafa gaban ƙirjin karen za ka ji wani ɗan tsinin ƙashi. A kansa mahaɗar Y za ta zauna, ba a saman sa ba inda wuya ke da taushi. Ɗaurin da ke zagaye ciki ya kasance a kan haƙarƙari, da tazarar yatsu uku ko huɗu daga bayan gwiwar ƙafar gaba ga matsakaicin kare. Wanda ya taɓa ɗaura wa doki sirdi ya san abin da majayi ke yi wa fata idan ya matso hammata. Haka ɗamara ke yi wa kare, ta cinye gashin wurin, ta bar jan tabo. Idan kuma ɗaurin ya wuce haƙarƙarin ƙarshe, ya koma matse ciki. Yatsu biyu su iya shiga ƙarƙashin kowane ɗauri, amma kada ɗamarar ta riƙa juyawa gefe idan an ja igiya. Bayan duk wannan, sai a sa wani ya yi sassarfa da karen, kai kuma ka ɗauki bidiyo daga gefe da waya, da ɗamara da kuma ba ɗamara. Idan takunsa ya gajarta, ko yana buɗa gwiwa waje, ko ya sunkuyar da kai yana tafiya a ɗarare, ba tasa ba ce, ko wane kamfani ya yi ta. Shi ya sa nake ganin hikimar irin waɗanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa, gaba daban, baya daban, ɗaurin ciki daban, domin karnuka irin su boda koli da wifet ba su cika shiga awo ɗaya ba: ƙirji mai zurfi, wuya siriri.

Akwai iri biyu da ba na so ga karen wasa kwata-kwata. Ta farko ita ce ɗamarar hana ja, mai zobe a gaba da ɗaurin da ke tsukewa a kan kafaɗu idan kare ya ja. Aikinta ke nan, ta dagula tafiyar kare har ya haƙura. Ga mai fama da ƙaton kare a titi tana iya zama mafita ta ɗan lokaci, amma ga karen da kake so ya riƙa miƙa ƙafa iya miƙawa, tafiyar kullum da ita koya masa gajeren taku ne. Zoben gaba shi kaɗai a kan ɗamarar Y mai kyau ba laifi ba ne, tsukewar ce matsalar. Ta biyu ita ce mai kama da riga, mai kauri da soso ko'ina. Kare da haki yake sanyaya jikinsa, kuma wanda ya gama gudu yana bukatar iska ta ratsa shi, ba a lulluɓe shi ba. Idan ta jiƙe kuma sai ta yi nauyi ta daɗe ba ta bushe ba.

Kada kuma a haɗa ɗamarar yawo da ta wasu ayyukan. Ta jan kaya ko ta gudun da kare ke jan mutum doguwa ce, zobenta yana can kusa da gindin wutsiya, an yi ta ne don a ja. Ta mota kuma aikinta riƙe kare idan an yi karo, kuma yawancin ɗamarar yawo ba a gwada su da wannan ba, duk da cewa dokar hanya ta Birtaniya, a sashe na 57, ta ce a tsare kare yadda ya kamata a cikin mota. Wani abin da baƙi da yawa a nan ba su sani ba: wata doka ta 1992 ta wajabta wa kare sa maɗaurin wuya mai ɗauke da suna da adireshin mai shi a duk wurin da jama'a ke bi. Wato ko ka koma ɗamara, maɗaurin wuyan yana nan a matsayin shaida, igiya ce kawai za ta bar wuya ta koma jikin ɗamara. Mai niyyar shiga gasa a Ingila ya fi masa sauƙi ya nemi wanda aka ɗinke ko aka manne sunan a jikinsa, don kada ya riƙa cire ƙarfe mai lilo duk sanda zai shiga fili.

Jikin kare ma ba ya tsayawa a awo ɗaya. Wanda ya fara horo da taushin jiki, bayan 'yan watanni ƙirjinsa zai buɗe, kafaɗa ta cika, ciki ya ɗaga. Mai yawan gashi yakan yi kauri da sanyi ya rame da zafi ba tare da nauyinsa ya sauya ba. Ɗaurin nailan kuma yana saki a hankali, musamman wanda ke shan ruwa da laka. Ɗamarar da ta zauna cif a watan Janairu tana iya komawa goga hammata a watan Yuni, don haka duk bayan 'yan makonni a sake zura yatsu, a ɗaga ƙafar gaba a duba fatar bayan gwiwa.