Kasuwar makaɗan gargajiya a Amurka, da waɗanda ba sa iya isa ƙofarta

Sau ɗaya a shekara, galibi cikin tsananin hunturun watan Janairu ko Fabrairu, wani babban otal a Arewacin Amurka yakan cika maƙil da mutane masu rataye da jita da goge da banjo, har ta kai mutum ba ya iya wucewa ta baranda ba tare da ya goga kafaɗa da akwatin kayan kiɗan wani ba. Wannan shi ne taron shekara-shekara na ƙungiyar Folk Alliance International, wadda aka kafa a 1989 bayan wani zama da aka yi a Malibu ta jihar Kaliforniya, kuma wadda ta mayar da hedikwatarta birnin Kansas na jihar Missouri a 2013. Yawancin tarukanta na shekarun baya-bayan nan a Kansas aka yi su, amma an kai taron Montreal ta ƙasar Kanada a 2019 da 2025, an kuma kai shi New Orleans a 2020. Mahalarta sukan haura mutum dubu biyu, kuma ba makaɗa kaɗai ba ne: akwai masu shirya bukukuwan kiɗa, da dillalan da ke nema wa mawaƙi wurin wasa, da masu kamfanonin faifai, da masu gabatar da shirye-shirye a gidajen rediyo, da lauyoyin haƙƙin mallaka.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan taro shi ne abin da ke faruwa bayan dare ya yi. Da rana ana zaman tattaunawa da bita, da yamma kuma waɗanda alƙalai suka tantance sukan hau dandamali a manyan zaurukan otal ɗin. Amma idan aka tashi daga wannan, sai jama'a su ɗunguma zuwa wasu benaye da aka keɓe, inda aka mayar da ɗakunan kwana wuraren wasa. An fitar da gado ko an jingine shi da bango, an jera kujeru goma ko ashirin, an manna takardun sanarwa a bangon baranda daga sama har ƙasa. Kowane makaɗi yana da kamar minti ashirin zuwa talatin, ya yi waƙa huɗu ko biyar, ya tattara kayansa ya ruga wani ɗakin, wani kuma ya shigo ya maye gurbinsa, haka ake yi har wajen ƙarfe biyu ko uku na dare. Mawaƙiya tana iya tsayawa gaban mutum shida kacal, tagar ɗaki a bayanta, sautin wani kiɗan na shigowa daga ɗakin da ke maƙwabtaka, ta zage ta yi waƙa kamar tana gaban dubbai, domin ta san cewa mai yiwuwa ɗaya daga cikin shidan nan shi ne mai tsara bikin da zai ciyar da ita da iyalinta a damina mai zuwa.

Wannan kasuwa ce, kuma ina ganin masu taron sun yi daidai da ba su ɓoye hakan ba. Akwai masu ƙyamar abin, kuma hujjarsu tana da nauyi. Kiɗan da Amurkawa ke kira folk ya taso ne daga bakin manoma da masu haƙar kwal da 'yan ƙwadago, shi aka rera a yajin aiki da jerin gwanon neman 'yancin baƙar fata, kuma mawaƙa irin su Woody Guthrie da Pete Seeger sun yi suna ne da tsayawa a gefen talaka. Saboda haka wasu ke ganin rashin dacewa ne a kwashi irin wannan gado a kai shi otal mai hawa da yawa, a rataya wa kowa katin shaida a wuya, ana musayar lambobin waya kamar 'yan kasuwar hatsi. Na fahimci wannan ƙorafi, amma ban yarda da shi ba, domin makaɗin da ba shi da abin sa wa a baki ba zai daɗe yana kiɗa ba, kuma hanyoyin da makaɗa suka saba samun abinci sun ƙafe. Sayar da faifai ya faɗi warwas. Dandalin saurare irin su Spotify suna biyan abin da bai kai senti ɗaya na dala ba a kan kowane saurare, kuma tun daga 2024 kamfanin ya daina biyan komai a kan waƙar da ba a saurare ta sau dubu ba a cikin shekara. Wanda masu sauraronsa 'yan dubbai ne, kamar yadda akasarin makaɗan gargajiya suke, ba shi da rabo a wannan tsari. Abin da ya rage masa shi ne wasa a gaban jama'a, kuma wasa ba ya samuwa sai an haɗu da mai bayar da shi.

Akwai wani rukuni na mahalarta da nake ganin sun cancanci a dube su da kyau, wato masu shirya wasa a cikin gidajensu. Waɗannan magidanta ne kawai, malaman makaranta ko ma'aikatan da suka yi ritaya, waɗanda sukan kawar da kujerun falonsu su gayyaci maƙwabta da abokai talatin ko arba'in, kowa ya ajiye abin da aka yi shawara a cikin kwando, a miƙa wa makaɗi kuɗin, a ba shi abinci da makwanci, gari ya waye ya kama hanyar gari na gaba. Makaɗi yana iya jera irin waɗannan gidaje goma a kan hanya ɗaya ya fitar da kuɗin mai da na haya. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin mun san makaɗi da ubangidansa, mun san saukar baƙi da sallama. Bambancin shi ne a can iyayen gidan suna da yawa, kowannensu ƙarami ne, kuma babu wanda yake da ikon da zai sa makaɗi ya canza baitinsa don tsoron kada a janye masa tallafi. Taron na shekara shi ne wurin da waɗannan ƙananan iyayen gida suke zuwa su ji da kunnensu, su zaɓa.

Inda nake da ja da wannan taro shi ne kalmar nan ta ƙarshe a sunan ƙungiyar, wato International, wadda ke nufin ta duniya ce baki ɗaya. Makaɗan da ke baje kolinsu a irin wannan taro galibi ba a biyansu kuɗin wasa, su ne ma suke ɗaukar nauyin jirgi da ɗaki da abinci na kwana huɗu ko biyar, da fatan abin da suka kashe zai dawo daga baya. Ɗan Kanada ko ɗan Ireland ko ɗan Ostireliya yana da wanda zai tallafa masa, domin ƙasashensu sun ɗauki kiɗa a matsayin hajar da ake fitarwa waje. Kanada tana da gidauniyar FACTOR da majalisar fasaha ta ƙasa, Ireland tana da Culture Ireland, Ostireliya tana da Sounds Australia, kuma irin waɗannan hukumomi sukan kama ɗaki a otal ɗin taron, su kafa tutarsu, su gabatar da makaɗansu ɗaya bayan ɗaya. Makaɗin da ya fito daga Maraɗi ko Gusau ko Tamale ba shi da kowa a wannan baranda. Sakamakon haka, abin da masu shirya bukukuwa suke ji a matsayin kiɗan al'ummun duniya shi ne kiɗan al'ummun da gwamnatocinsu suka iya biyan kuɗin jirgi.

Ko da an samu kuɗin jirgin, sai a tarar da katangar biza. Idan makaɗi ya yi sa'a aka ba shi wasannin da za a biya shi a Amurka, dole ne wani ya shigar masa da takardar neman izinin aiki, kuma daga 1 ga Afrilun 2024 kuɗin wannan takarda ga rukunin makaɗa ya tashi daga dala 460 zuwa dala 1,015, ban da wani ƙarin da zai iya kai dala 600, ko da yake ƙananan kamfanoni da ƙungiyoyin da ba na neman riba ba suna samun rangwame. Wanda yake son a duba takardarsa cikin gaggawa, domin kada ranar wasa ta wuce ana jira, sai ya ƙara wani kuɗin, wanda a 2024 ya kai dala 2,805, sannan kowane mutum a tawagar ya biya dala 205 a ofishin jakadanci. Mai kalangu da 'yan amshinsa biyar su lissafa wannan da naira ko da sefa. A watan Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta hana 'yan ƙasashe 12 shiga ƙasar, ciki har da Chadi da Sudan, a watan Yuli kuma ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya mai wa'adin wata uku. Ba ƙungiyar ce ta kafa waɗannan dokoki ba, kuma ba zan ɗora mata laifinsu ba. Amma ƙungiyar da ta san ƙofar ƙasarta a rufe take ga rabin duniya ya kamata ta yi fiye da abin da take yi wajen kai kasuwar inda mutanen suke. Kai taron Montreal mataki ne mai kyau, haka ma taron makaɗan al'ummun asali da aka fara a gefensa a can a 2019, sai dai Montreal ɗin ma nesa take da mai garaya.

Abin da ya sa wannan magana take ci mini rai shi ne banjo. Babu kayan kiɗan da ya fi shi alaƙa da kiɗan gargajiyar Amurka, kuma asalinsa daga wajenmu yake. Bayin da aka kwashe daga Afirka ta Yamma ne suka ƙera shi a tsibiran Karibiyan, da ƙwarya da fata da sanda da tsirkiya, bisa ƙirar kayan kiɗan da suka baro a gida. Masu bincike sukan ambaci akonting na mutanen Jola da ke Senegal da Gambiya a matsayin ɗan'uwansa na kusa, kuma duk wanda ya taɓa riƙe gurmi, ya ga yadda sandar ta ratsa ƙwaryar ta fito ta ɗaya gefen, ya san dangi ɗaya ne. Ina yaro akwai wani dattijo mai gurmi da yake zuwa filin kokawa a garinmu bayan an gama girbi. Yakan zauna a kan buzu, ya ɗan gasa fatar gurmin a gefen wuta domin ta ɗaure, ya gwada tsirkiyar da babban yatsa, sannan ya fara kiran 'yan kokawa da kirarinsu har sai ka ga ƙato yana rawar jiki ya faɗo fili. Ya rasu ba a taɓa ɗaukar sautinsa ba, ɗansa kuma da ya fara koyon kiɗan ya ajiye shi ya kama acaɓa, domin babur yana kawo kuɗin cefane kullum, gurmi kuwa sai kaka. Masu banjo ɗari suna cika otal ɗin taron kowace shekara, kuma da yawansu da gaske suke son sanin inda kayan kiɗansu ya fito, amma babu hanyar da za ta haɗa su da irin wannan dattijo.

Kada a raina abin da haɗuwa take haifarwa. A watan Afrilun 2005 aka yi wani ɗan ƙaramin taro na baƙaƙen fata masu kiɗan banjo a garin Boone na jihar North Carolina. A can Rhiannon Giddens da Dom Flemons suka haɗu, daga baya su da Justin Robinson suka riƙa zuwa gidan wani tsoho mai goge, Joe Thompson, suna koyon kiɗan da ya gada, suka kafa ƙungiyar Carolina Chocolate Drops, wadda ta ci kyautar Grammy a 2011. Kiɗan da ya kusa bin tsoho ɗaya zuwa kabari ya dawo da rai saboda an tara mutanen da suka dace a wuri ɗaya na 'yan kwanaki.

Akwai kasuwannin da suka fi kusa da mu. WOMEX, wadda aka fara a Berlin a 1994, tana zagaya biranen Turai kowane watan Oktoba. A nahiyarmu akwai MASA a Abidjan tun 1993, akwai kuma Visa for Music da ake yi a Rabat ta Maroko tun 2014, inda masu shirya bukukuwa daga Turai da Amurka suke zuwa da kansu domin su ji makaɗan Afirka da na Gabas ta Tsakiya. Makaɗan Abzinawa na Nijar, irin su Bombino da Mdou Moctar, sun nuna cewa kunnen duniya a buɗe yake ga kiɗan wannan yanki idan aka samu wanda zai ɗauki sauti da kyau, ya rubuta bayani, ya amsa wasiƙa a kan lokaci. Wannan aikin ne ba mu da masu yin sa. Muna da bukukuwa masu yawa, daga Argungu zuwa hawan sallah, kuma a cikinsu duka makaɗi yana zuwa ne ya ƙawata taron wani, a yi masa kari, ya koma gida. Ba mu da taron da makaɗin shi ne dalilin haɗuwar, inda mai kukuma da mai kotso da mai shantu za su zauna da mai gidan rediyo da mai ɗaukar sauti da lauya, a yi maganar farashi da kwangila da wanda ya mallaki waƙa bayan mai ita ya rasu.

Irin wannan taro ba ya bukatar otal mai hawa ashirin. Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato suna da malaman da suka ƙare rayuwarsu a kan nazarin waƙar baka, suna da zauruka da ɗakunan kwanan ɗalibai da suke zama babu kowa lokacin hutu. Kwana uku a shekara, ɗakuna goma, kowane makaɗi da rabin sa'arsa, na'urar ɗaukar sauti mai kyau a kowane ɗaki, da gayyata zuwa ga masu tsara shirin Rabat da Abidjan da Kansas su zo su zauna a kan tabarma su saurara. Kuɗin kawo baƙi biyar daga waje bai kai abin da tawagar makaɗa ɗaya za ta kashe a kan biza da jirgi zuwa Amurka ba, kuma baƙin nan biyar za su ji makaɗa hamsin kafin su koma.