"Kin gane?" ba tambaya ba ce

Abokan aiki da ke asibitocin sha-ka-tafi, musamman ku da kuka gama makaranta kwanan nan, ku daina rufe bayani da "kin gane?" Wace uwa ce za ta ce wa mai farar riga a'a? "Na gane, likita" za ta ce, ta goya ɗanta ta tafi.

Ɗauki gudawar yaro. Ka miƙa wa uwar ORS, garin haɗin gishiri da sukari, ka ce ta haɗa da lita ɗaya. Lita a gidan wa? Ce mata ledar fiya wata biyu, a juye ƙunshin duka. In aka rage ruwa, haɗin ya yi kauri, gudawar ma sai ta ƙaru. Wanda ya kai awa 24 a zubar. Ƙwayar maganin zinc kuwa miligiram 20 kullum har kwana 10, rabi ga jaririn da bai kai wata 6 ba, ko da gudawa ta tsaya a rana ta uku. Sannan ka ce, "Mama, faɗa mini yadda za ki haɗa a gida, kar in zama na manta wani abu." Ka ga laifin a kanka ka ɗora, ba ta ji kunyar kuskure ba, kai kuma ka ji inda ta ɓata.

Haka Coartem, maganin zazzaɓin cizon sauro: sau 6 cikin kwana 3, na biyu awa 8 bayan na farko, da nono ko abinci mai maiƙo. In ba ka ja kunne ba, jiki na yin sanyi za a ɓoye sauran saboda ƙaninsa.

Kuma kalmar mara lafiya ba sunan cuta ba ce. "Basir" na iya nufin tsiro, ko jini a bayan gida, ko taurin bahaya, ko raunin namiji. "Sanyi" ma haka. Tambayi me take gani, tun yaushe, ka ɗago kai daga kati ka bari ta kai aya. In suruka na tsaye a kanta, ba za ka ji gaskiyar ciwon mara ba. "Hajiya, a ɗan ba mu wuri in duba ta" ta wadatar.

Kafin ta miƙe, lissafa mata abin da zai sa ta dawo ko da tsakar dare: ƙin kama nono, aman duk abin da ya sha, jijjiga, jini a kashi, ko barcin da ba ya tasuwa.