Takarda tana gabana, an ce ba ni da izini

Tun ranar Litinin da mai gyara ya ɗora wa kwamfutocin shagonmu Windows 11 ban sake samun natsuwa ba. Shagon buga takardu ne a Terminus, cikin garin Jos, kwamfuta huɗu, duk aikinmu yana ajiye wuri guda a kwamfutar Oga. Shekara da shekaru muna shiga wurin kai tsaye daga kwamfutocinmu. Yanzu ina dannawa sai ta nemi suna da kalmar sirri, in na saka ta ce ba ni da izini. Izinin wa? Ni na buga takardar nan da hannuna!

Ban ƙi sabuntawa ba, tunda an daina tallafa wa Windows 10 tun Oktoban 2025. Abin da ya ƙona mini rai, mai gyaran ya san sigar Windows 11 da ake kira 24H2 tana toshe shiga wata kwamfuta a matsayin baƙo marar kalmar sirri, amma bai buɗe wa kowannenmu asusun shiga kwamfutar Oga ba. Ya karɓi kuɗinsa ya kama gabansa.

Jiya wata ɗaliba ta tsaya a kaina cikin sanyin nan, hannu cikin mayafi, ina ta zirga-zirga da filashi tsakanin tebur biyu. "Malam, har yanzu?" Wallahi kunya ta kama ni. Na kira mai gyaran sau shida, wayarsa a kashe.