Ni da lamba ɗaya

Ranar da autana ya ƙwanƙwasa ƙofar ban ɗaki ya ce, "Baba, wai Mama ta ce ko a kawo maka matashin kai?" ranar na san asirina ya gama tonuwa. Minti arba'in ina ciki. Ƙafafuna sun sage, na karance labaran wayata kaf har da na ƙwallo, ni da ban damu da ƙwallo ba, amma abin da ya kai ni ko motsi bai yi ba.

Wata huɗu ke nan ina wannan fama a ɓoye. Da farko kwana biyu-biyu ne, sai uku-uku, har ta kai in na kewaya sau biyu a mako na yi sa'a. Sai na yi ta nishi kamar mai tura motar da ta kafe, abin da zai fito kuma, ku gafarce ni, ko akuya sai ta raina. Ciki ya kumbura tim, in na buga shi har amsawa yake.

Abokin aikina guda na faɗa wa, shi ma da zagaye-zagaye, ya ba ni maganin wankin ciki. Ya yi aiki kam, ba zan ci amanarsa ba. Sai dai ya zaɓi lokacinsa: tsakiyar taro, ina tsaye ina bayani. Yadda na bar ɗakin nan, har yau wasu na zaton mugun labari aka aiko mini daga gida. Bayan kwana uku kuma ƙofa ta sake rufewa gam.

Sai wata safiya na ga jini. Ja wur. Na fito na ce wa uwargida ai basir ne kawai. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Maigida, yaushe ka gama karatun likita ban sani ba?"

A asibiti likitan sa'an ƙanena ne. Na gyara zama na ce, "Likita, harkokin ne dai suka ɗan tsaya."

"Na kasuwa?"

"A'a, na... ƙasa."

Bai ko yi murmushi ba, wanda hakan ya fi ba ni kunya. Ya jawo wata takarda mai hotuna bakwai, wai ma'aunin Bristol, tun daga mai tauri kamar tsakuwa a lamba 1 har zuwa ruwa tsululu a lamba 7, ya ce in nuna nawa. Na nuna lamba 1 ina kallon silin. A makaranta ban taɓa zuwa na ɗaya ba sai a nan.

Ya ce kewayawa ƙasa da sau uku a mako, ga tauri ga yunƙuri, shi ake kira taurin bayan gida, kuma in ya kai wata uku ya zama na dindindin, ya wuce a yi ta lallaɓa shi a gida. Ni ban ma san aikin babban hanji tsotse ruwa ba ne, iya daɗewar abu a ciki iya bushewarsa. Ashe duk ranar da na matse don ina sauri, bulo nake bugawa.

Daga nan ya shiga jero tambayoyi. Na rame ba dalili? Ina amai? Ciwon ciki mai tsanani? Iska tana fita? Na ce wannan kam alhamdu lillahi, iyali shaida ne. Ya ce da ita ma ta tsaya, ga amai ga kumburi, da ba a jira safiya, don hanji na iya toshewa. Akwai wanda ya yi sankarar hanji a danginmu? Babu. Shekaruna? 47. Nan ya ajiye biro. Ya ce jinin ya fi kama da na basir ko tsagewar dubura saboda yunƙuri, amma jini da sabon canjin bayan gida a wannan shekarun ba a yi musu zato, sai an leƙa hanjin da kyamara.

Sannan ya sa safar hannu. Abin da ya biyo baya tsakanina da shi ne da Mahaliccinmu.

Ina ɗaure wando ya tambaya, kamar a wasa, ko ina shan wani magani. Na ce ba komai, sai ƙwayar ƙarin jini da na saya wa kaina don gajiya.

"Tun yaushe?"

Na lissafa da yatsu. Wata huɗu da 'yan kwanaki. Ya ce sinadarin ƙarfen da ke cikinta sananne ne wajen ɗaure ciki, haka ma irin su tramadol da kodin. Gwaji ya nuna jinina lafiya lau, wato da kuɗina na sayo wa kaina kwaɗo na datse ƙofar.

Kyamara ba ta ga komai ba sai basir. Aka ce in bar ƙwayar, in yawaita ruwa da ganyaye da 'ya'yan itatuwa, in riƙa tattaki, in ɗora ƙafa kan 'yar kujera gwiwoyi su ɗara ƙugu, kuma wayar ta tsaya a waje. Kwana tara bayan nan na shiga na fito cikin minti uku. Auta na bakin ƙofa, ya dube ni ya ruga da gudu: "Mama! Baba ya fasa!"