Tsuntsun da ke kuka da magariba a bakin fadama

Yana damuna in ji mutane na cewa duk tsuntsun da ya ratsa sama da almuru yana kukan "kwak" to na mayu ne, ko kuma mugun labari ya kawo. Ban ga laifinsu ba, domin jin murya a duhu ba ka ga mai ita ba abu ne mai sa gaba ya faɗi.

Amma sau da yawa, a garuruwan bakin ruwa irin na dausayin Haɗeja da Nguru, zalɓen dare ne kawai ya fito kiwo. Gajere ne kakkaura, kansa da bayansa baƙi, fikafikansa ruwan toka, idanunsa manya jajaye. Da rana yakan lafe a bishiya tare da 'yan'uwansa. Sai rana ta faɗi, sauran zalɓe sun bar bakin ruwa, sannan ya sauko ya tsaya cik yana dakon kifi da kwaɗi, ba mai yi masa wawaso.

Kamar masunci ne da ya zaɓi su da dare. Kukan nan kuwa kiran 'yan'uwansa yake yi a hanya, ba ruwansa da gidan da ya bi ta kai.