Sifili daban, babu daban, buruji kuma ba duba ba ne

Wani dare da wuta ta ɗauke a unguwarmu a Tawa, ɗiyata na aikin lakwal da hasken tocila, sai ta ɗago kai: "Baba, mi ne ne zéro da Hausa?" Na ce babu. Mahaifina daga kan tabarmarsa ya ce, "A'a, jikanya, sifili ne. Babu ba ta zama bayan ɗaya ta mai da shi goma."

Tsohon ya fi ni gaskiya. Babu kalmar rayuwa ce: babu hatsi, babu ruwa, da babu gara ba daɗi. Wofi da fanko suna nuna mazubi ne da ba kome a cikinsa. Rashi ya fi su nauyi, shi muke faɗi ranar mutuwa, shi kuma malaman tauhidi ke sa wa kishiyar samuwa. Sifili kuwa lamba ce mai gurbi, tana aiki. Daga Larabci "sifr" muka same ta, wato abin da ke wofi, su ma Larabawa fassara suka yi daga "shunya" ta Indiya, inda masanin lissafi Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin lissafi da ita a 628. Fibonacci, masanin lissafi ɗan Italiya, ya yaɗa ta a Turai da littafinsa na 1202. Zéro da chiffre da mushe ke rubutawa a allo duka daga wannan "sifr" suka fito. Ashe yarinyar kalmar kakanta take koyo, ta dawo mata da rigar Faransanci.

Maganar buruji ta fi damuna. Yaro ya ji zodiaque, wato buruji da Faransanci, abin da ke zo masa shi ne saƙon waya mai ce masa yau zai yi sa'a. Iyaye su ji, su ce duba ne, su rufe zancen. Alhali buruji hanya ce a sama, wadda rana ke ratsawa cikin shekara, an kasa ta goma sha biyu, daga Hamal da Saur har Dalwu da Hutu. "Burj" a Larabci hasumiya ce, kuma sura ta 85 a Alƙur'ani sunanta Buruj. Girkawa dabbobi suka hango, kalmarsu da ta haifi zodiaque na nufin da'irar ƙananan dabbobi. Danganta rabon mutum da tauraro abu ne daban, ni ma ban yarda da shi ba. Amma masaukan wata 28 da malamai ke lissafa wa manoma, da Kaza da Ƴaƴanta da tsofaffi ke duba fitowarta da faɗuwarta, ilimin lokaci ne, da shi ake sanin bazara ta kusa ƙarewa.

Tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar a 2025, littattafan lissafi da kimiyya za su ƙaru, kuma wani zai zauna ya zaɓi kalmomi. Roƙona ga masu wannan aiki: kada su sa babu a gurbin sifili don ta fi sauƙi, kada su tsallake buruji don tsoron a ce sun koyar da duba. Su leƙa rubuce-rubucen Larabci da ajami da ke ajiye a cibiyar bincike ta IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, su kuma zauna da tsofaffi tun suna nan. Mahaifina ya haura tamanin, kuma a daren nan shi kaɗai ne cikinmu ya iya nuna wa yarinyar inda Akrab, wato burujin kunama, take.