Mai koyil biyu, ka ji tsoron Allah da hannun yaran mutane

Ban kama sunan kowa ba, kuma ba zan kama ba. Amma akwai wani da yake yawo kamfani-kamfani da laftof a jaka, ana kiransa injiniya yana amsawa, alhali bai san yadda na'urar PLC, kwamfutar da ke sarrafa injunan masana'anta, take karanta shirin da aka loda mata ba. Shi nake wa magana, da masu tafa masa.

A wani kamfani, famfo ya ƙi tashi idan an juya makunni zuwa aikin hannu, amma yana tashi lafiya a oto, wato yanayin da yake aiki da kansa. Me mutumin nan ya ce? Wai katin fita, wanda ke kai umarnin PLC ga inji, ya ƙone. Mai kamfani ya fitar da kuɗi aka sayo sabon kati, famfo bai motsa ba. Ya ce kwantakta ce, makunnin da ke ba injin famfo wuta, aka canja ta. Daga nan ya koma kan yaran da suka ja waya, ya ce su suka ɓata aiki, har aka zaftare wa ɗaya albashi. Wannan zaftarewar ce ta sa na kasa yin shiru, domin yaron ba shi da laifin komai. Laifin yana cikin shirin da shi mai laftof ya rubuta da hannunsa: koyil ɗin famfo, wato umarnin da ke kunna shi a cikin shirin, ɗaya ne da adireshi ɗaya, amma ya ajiye shi a layi biyu. Na sama don aikin hannu, na can ƙasa don oto.

Duk wanda ya zauna ya koyi shirin tsani, wato rubuta shirin PLC layi-layi kamar matakan tsani, ya san abin da zai biyo baya. Na'urar tana duba shigarwa, wato saƙon da ke zuwa daga maɓallai da makunnai, ta bi layuka daga sama zuwa ƙasa, kowane layi daga hagu zuwa dama, sannan ta tura sakamako ga katin fita, ta sake zagayowa. Koyil irin OTE, wato koyil na yau da kullum a na'urorin PLC na Allen-Bradley, ba ya kunnawa kawai, yana kashewa ma: layinsa ya cika ya rubuta 1, bai cika ba ya rubuta 0. To layin sama ya rubuta 1, na'ura ta gangaro ta tarar da layin oto bai cika ba, ta goge ta sa 0. Abin da ya isa famfo shi ne maganar layin ƙarshe. Kamar mutum biyu ne suke rubutu a allo ɗaya, na biyu yana wanke na farko kafin malam ya duba. Kai kuma kana kallon layin sama ya yi kore a fuskar laftof, kana rantsuwa shirinka daidai yake.

A ControlLogix, wata PLC ta Allen-Bradley, abin ya ma fi muni, domin can musayar bayanai da katin fita ba ta jiran a gama zagaye. Tana iya ɗaukar 1 ɗin nan a tsakiyar hanya kafin a goge shi, sai ka ji kwantakta tana ƙaf-ƙaf har bakinta ya cinye.

Na ji yana cewa ai manhaja ba ta hana shi lodawa ba. Gaskiya ne, ba ta hana ba, amma ta yi magana. Studio 5000, manhajar rubuta shirin ControlLogix, tana fitar da gargaɗi idan an maimaita koyil, GX Works ta Mitsubishi ma tana nuna shi idan ka sa ta binciki shirin. Wanda bai karanta gargaɗi ba, ko ya shiga ya kashe shi don kada mai gida ya gani, ba shi da bakin cewa ba a faɗa masa ba.

Gyaran bai kai ya kawo ba. Famfo ɗaya, koyil ɗaya, a wuri ɗaya, can ƙarshen layi ta dama. Sharaɗin hannu a reshe ɗaya, na oto a reshe na biyu, su haɗu kafin koyil. In shirin ya yi tsawo, kowane yanayi ya kunna nasa bit na ciki, wato gurbin ajiye 1 ko 0 a cikin na'ura, a tattara su a layi guda da ke riƙe da fitar gaske. Tsarin nan ba ƙa'idar ado ba ce. Tun da kamfanin General Motors ya nemi abin da zai maye gurbin akwatunan rile, makunnan lantarki da ake sarrafa inji da su, a 1968, su Dick Morley suka fito da PLC mai suna Modicon 084, an bar zanen tsani yana kama da zanen waya ne don mai gyaran lantarki ya bi layi da yatsa ya gane me ya hana inji tashi. Ƙa'idar duniya ta rubuta shirin PLC, IEC 61131-3, da ta fito a 1993, ta riƙe wannan siffar. Na san ControlLogix tana yarda a sa fita a tsakiyar layi, Siemens ma tana da irin nata. Wannan dama ce ga wanda ya san me yake yi, kuma ba ta taɓa nufin a watsa adireshi ɗaya ko'ina ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganin da ya ƙirƙiro bayan asiri ya fara tonuwa. Maimakon ya haɗe layukan, sai ya cire OTE ya cika shirin da OTL mai kulle bit a kunne da OTU mai buɗe shi, nan kulle, can buɗe. Famfo ya tashi, aka yi masa godiya. Ya san cewa a Allen-Bradley bit da aka kulle da OTL yana nan a kunne ko an ɗauke wuta? OTE kan koma 0 idan na'ura ta farfaɗo, OTL ba ya komawa sai an buɗe shi. A garin da ake ɗauke wuta babu sallama, janareta ya karɓa, inji ya tashi da kansa ba wanda ya taɓa maɓalli. Yau famfo ne. Irin shirin nan kuma shi yake kai wa injin niƙa roba, inda yaro kan zura hannu ya ciro abin da ya maƙale da zarar ya ga wuta ta tafi. Ka taɓa tsayawa ka yi tunanin wannan yaron?

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, na san saƙon zai isa. Ka koma duk inda ka taɓa loda shiri, ka binciki adireshin kowace fita ɗaya bayan ɗaya, ka ga sau nawa aka rubuta mata. Ka kashe wuta ka maido, ka tsaya ka ga me zai tashi da kansa. Maɓallin tsayawar gaggawa kuma ka ja masa wayarsa ta rilen tsaro, kada ka bar shi a hannun shirinka. Sannan ka je ka gaya wa mai kamfanin nan gaskiya, a mayar wa yaron kuɗinsa.